Ƙulli Biyar na Maganin Kajin Babana

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu baki ɗaya. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, daga wani ƙauye a yankin Furana cikin ƙaramar hukumar Ikara. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ne shekara biyu da suka wuce, ina da shekara goma sha biyar. A lokacin ni yarinya ce da ba a cika jin muryarta ba. A aji kusa da taga nake zama, in malami ya yi tambaya kuma na san amsa, sai in rubuta ta a bayan littafina in jira wata ta faɗa. Amma idona da kunnena ba sa hutawa. Nakan san wadda ta sake ɗankunne a ajinmu, da akuyar da ta fara ɗingishi a unguwarmu tun kafin mai ita ya lura. Ina gani, ina ji, in yi shiru. Mutane suna yabona da kunya, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma gidanmu yana cikin gidajen da har yanzu suke riƙe da kunyar ɗan fari sosai. Tun da aka yaye ni aka mayar da ni ɗakin kakata, mahaifiyar babana, wadda sashenta yake can ƙuryar gida. Umma ba ta kiran sunana, Baba ma haka, in dole ta kama sai su ce yarinyar nan. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, domin in takalmina ya tsinke, kafin kwana biyu zan tarar da sabo a ƙofar ɗakin Kaka, daidai ƙafata, ba wanda ya ce shi ya ajiye. Sai dai duk maganar da za ta shiga tsakanina da Baba, ta bakin Kaka take bi. Shi ya gaya mata, ita ta gaya mini, amsata ma ta haka take komawa. Kaka kuwa ba ta taɓa isar da saƙo yadda aka ba ta shi ba, sai ta ƙara gishiri ko ta rage, gwargwadon yadda ta tashi a ranar. Ni take kira kurmar gida, ni kuma in ce mata rediyo mai jini, mu yi ta dariya.

Sana'ar Baba kiwon kaji ce, amma ba na nama ba, ba kuma na ƙwan ci ba. Iyayen kaji yake kiwo, wato kaji da zakarunsu a haɗe, ana tara ƙwansu a kai wa masu injin ƙyanƙyasa a Zariya, bayan mako uku a dawo da 'yan tsaki a raba wa waɗanda suka yi oda. A lokacin muna da kaji wajen ɗari huɗu da zakaru arba'in da 'yan kai, a wani dogon ɗaki mai raga a bayan gida, gefen gonar masara. A daminar nan wata ƙungiyar mata daga Kudan ta nemi tsaki masu yawa, kowace mace za ta karɓi nata ta fara kiwo a gida, kuma Baba ya yi musu alkawari. Ni ke cika duron ruwan kajin kullum kafin in tafi makaranta, in ɗauraye mazuban ruwa, in na dawo in taya tsintar ƙwai. Ina son aikin nan. A cikin kaji ba wanda yake jiran in yi magana, kuma na san da yawansu: mai tsinken wutsiya, mai kwanciya bakin ƙofa, da wani farin zakara mai karkataccen zanko da ya ɗauki kansa hakimin ɗakin.

Da marka ta kama, aka yi kwana huɗu ana yayyafi ba tsayawa, buntun shinkafar da muke shimfiɗa musu ya jiƙe, ɗakin ya ɗauki wari mai hawa ido. Wata safiya ina tsugune ina ɗauraye mazubi, na ji wani sauti ƙasa-ƙasa daga kusurwa, kamar tukunyar da ta fara tafasa. Na bi sautin na tarar da kaza guda ta miƙa wuya tana numfashi da baki, ga 'yar kumfa a gefen idonta. Kusa da ita wata ta yi atishawa. Baba ya yi shekaru yana aikin injin niƙa kafin ya koma kaji, saboda haka kunnensa ba ya kama ƙaramin sauti irin wannan. Na gaya wa Kaka, ta ce kajin Turawa dama raki gare su, amma bayan kwana biyu ta faɗa masa. Kafin lokacin atishawar ta bazu, ƙwai ya fara raguwa. Baba ya yi waya, likitan dabbobi ya zo daga Makarfi a kan babur, wandonsa duk taɓo.

Ina tsaye bayan ƙofa riƙe da bokiti na ji duk abin da likitan ya ce. Ya buɗe bakin kaza, ya matsa gefen hancinta, ya kara ta a kunnensa kamar mai sauraron waya. Ya ce ciwon numfashi ne da ƙwayar cuta ke kawowa, kuma ga mai kiwon iyaye ya fi na kowa haɗari, domin cutar tana bi ta cikin ƙwai ta shiga jikin tsako tun bai fito ba. Ya ce wa Baba, Malam, in ka kai wannan ƙwan inji, ba tsaki za ka raba wa mutane ba, mura za ka raba musu gida-gida. Ya ce a dakatar da kai ƙwai, a kwashe jiƙaƙƙen buntu, a ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha kwana biyar cur. Da ya ji cewa ni ce mai cika duro, sai ya fito da ɗan sikeli daga jakarsa, ya auna garin maganin kashi biyar, ya ƙulla kowanne a farar leda kamar yadda mata ke ƙulla gishirin sayarwa. Ya ce ƙulli ɗaya, duro ɗaya, rana ɗaya. Ya nanata cewa ko kajin sun tashi suna rawa a rana ta uku, kada a rage ko a tsaya, domin ƙwayar cutar da aka ba rabin magani ba mutuwa take ba, wayo take ƙarawa. Ya tambaya ko 'yar makaranta ta gane. Na ɗaga kai daga bayan ƙofa, Baba ya ce masa ta gane.

Kwana biyun farko na yi komai yadda aka ce. Da na idar da sallar asuba sai in janye mazuban ruwa na ɗan lokaci don ƙishi ya kama su, in kwance ƙulli ɗaya in zuba a duro, in motsa da wani kara da na fere musamman don wannan aikin. Ruwan yakan koma rawaya-rawaya, da wani ɗan wari mai ɗaci da ke kama bayan maƙogwaro. In na mayar da mazuban, sai su yi caa a kai, ni kuma in tsaya ina kallon yadda kowace ke ɗaga kai sama tana haɗiya. Sauran ƙullin ina ajiye su a cikin wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gadon Kaka, domin nan ne ɗakina, kuma nan ne na ga ya fi nisa da danshi da hannun ƙannena. A yammacin rana ta biyu sautin tafasar nan ya ragu ƙwarai. Na ji daɗi a raina kamar ni na haɗa maganin.

Kaka ma tana da nata kajin, na gida, guda goma sha biyu, a wani akurki bayan ɗakinta, kuma su ma sun jima suna atishawa. Ta ba su barkono da ɓawon maɗaci a ruwa, ba su daina ba. A safiyar rana ta uku na jawo gwangwani na tarar da ƙulli ɗaya maimakon uku. Na ɗago na dube ta, tana zaune bisa tabarma tana jan carbi, ko a jikinta. Ta ce kada in zare mata ido kamar mujiya, ita ta ɗauka. Ɗaya na kajinta ne, ɗayan kuma ta ba wata ƙawarta ta Malikanchi da ta zo jiya tana kukan kajinta na ƙarewa, kuma ai ba za ta bar baiwar Allah ta koma hannu rabbana ba alhali magani na ƙarƙashin gado. Na ce mata likita ya ce kwana biyar. Ta ce ita ta haifi mai kajin, kuma tun da take ba ta taɓa ganin kazar da ta iya ƙidayar kwana ba. Ta ce ai sun warke, ni da bakina na faɗa jiya. In raba wanda ya rage uku mana, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ta ƙara da cewa in kuma na ga dama in je in kai ƙararta wurin ubana, ta ga ta bakin wa zan bi.

Nan ne na yi kuskuren da ya sa nake rubuta wannan wasiƙa. Kaka ba ta ji bayanin likita ba, ni na ji. Ita a ganinta taimako ta yi, kamar yadda take raba gishiri da daddawa ga duk wanda ya shigo. Ni kuwa na san abin da rabin magani yake yi. Da na je wurin Umma, ko da ba za ta dube ni ba za ta ji. Da na rubuta a takarda na ajiye a kan babur ɗin Baba, da ya gani. Amma duk hanyar da na duba sai in ga ƙarshenta tona asirin matar da ta goye ni ne, ga kuma nauyin tsayawa gaban Baba da ban taɓa yi ba. Sai na shimfiɗa takarda, na zazzage ƙullin nan, na raba shi kashi uku da bakin rula, na daidaita su tsaf, kamar daidaitawar za ta gyara wani abu. Ruwan ranar ya fito fari-fari, sai ka sa ido sosai za ka ga alamar rawaya. Na yi sauri na rufe duron. Haka na yi kwana uku, kowace safiya ina rufe murfi da sauri kamar mai ɓoye abin sata.

Abin da ya ƙara rufe mini baki shi ne kajin sun ci gaba da samun sauƙi. Rana ta fito, aka zuba sabon buntu, atishawa ta ɗauke, ƙwai ya fara dawowa. Baba ya yi wa likita waya ya ce an gama kwana biyar lafiya, likita ya ce a jira kwana goma, in ba a ga komai ba a ci gaba da tara ƙwan inji. Har Baba ya aiko Kaka ta gaya mini cewa na yi ƙoƙari, ita kuma da ta zo isarwa ta ce ubanki ya ce saura kaɗan ki zama likitan kaji, sai dai ko kajin ne za su riƙa yi miki tambaya. Muka yi dariya. Kwanakin nan na ji daɗinsu da gaske. Masara ta yi goyo, muna gasa ta da yamma a ƙofar ɗakin Kaka, kajinta ma sun murmure suna tono a gindin zogale. Na fara gaya wa kaina cewa wataƙila likitoci suna ƙara kwanaki ne don tsoratarwa, kuma Allah ya rufa asiri.

Bayan kwana goman aka fara tara ƙwai, ana jera su a kiret, tsinin ƙasa. Aka sa ranar Alhamis za a kai Zariya. Ranar Litinin da safe, ina tsugune a wurin da na saba, na sake jin tukunyar nan tana tafasa. Ƙasa-ƙasa sosai, daga kusurwar gabas. Na zauna shiru har na gano mai yin sa, kazar nan ce mai tsinken wutsiya. Idonta na hagu ya ɗan kumbura, kuma a gashin kafaɗarta akwai wani ɗan danshi inda take goge hanci. Ranar Talata suka zama uku. Na gaya wa Kaka cewa ciwon ya dawo, ta taimaka ta gaya wa Baba a fasa kai ƙwai. Jikinta ya yi sanyi, na gani a yadda ta ajiye carbi, amma ta san in an tona za a zo kan ƙulli. Da yamma ina jin ta daga ɗaki tana ce wa Baba wai yarinyar nan ta ce a ƙara lura da kaji, sanyi bai gama wucewa ba. Baba ya ce to, ya shiga ya zagaya ɗakin kajin, ya ga suna cin abinci, bai ji komai ba, ya fito.

Ranar Alhamis na cika duro, na sa kayan makaranta, na ɗauki jakata. A bakin ɗakin kaji an tsayar da motar haya, direba ya tafi shan koko, Baba shi kaɗai yana loda kiret. Na rusuna na gaishe shi kamar kullum, ya amsa yana kallon wani wuri kamar kullum, na wuce. Na kai har gindin tsamiyar da ke bakin hanya. A nan na tuna wata mata cikin matan Kudan da ta zo gidanmu kwanakin baya, mai ɗaure da zanen atamfa da ya koɗe, tana gaya wa Umma cewa har ta sa an gina mata ɗan ɗakin tsaki, ta share shi ta shafe da farar ƙasa. Na ga tsakin nan a raina suna miƙa wuya a cikin sabon ɗakinta, ita kuma ba ta san daga ina abin ya fito ba. Na juyo. Na dawo na durƙusa nesa kaɗan da motar, na ce Baba kada a kai ƙwan nan. Muryata ta fito kamar ba tawa ba. Ya tsaya da kiret a hannu. Ban ɗaga kai ba na faɗi komai, cewa kwana biyu kawai suka sha cikakken magani, ƙulli biyu sun fita, ni na raba ɗaya uku, kuma ciwon ya dawo a kusurwar gabas. Ban ambaci Kaka ba, shi ma bai tambaya ba. Ya san a ɗakin da gwangwanin yake.

Sai ya ajiye kiret ɗin a ƙasa a hankali. Farin zakaran nan mai karkataccen zanko yana tsaye jikin raga yana leƙenmu. Baba ya juya ya dube shi, ya ce masa, kai hakimi, ka gaya wa mai ba ku ruwa ta tashi ta nuna mini waɗanda take nufi. Na tashi na shiga gaba, na kamo mai tsinken wutsiya na miƙa masa. Ya kara ta a kunnensa na dama, wanda ya fi ji da shi, ya daɗe a haka, sannan na ga fuskarsa ta sauya. Ya sake ce wa zakaran ya gaya mata ta yi laifi da ta raba magani, ta kuma yi babban laifi da ta yi shiru, amma yau ta fitar da shi kunyar mutanen Kudan, Allah ya yi mata albarka. Ya ce kuma ta wuce makaranta kada a rufe ƙofa. Na fita ina share hawaye da gefen hijabi. Da na waiga daga nesa, na hango shi yana sauke kiret ɗaya bayan ɗaya, direba ya dawo yana tsaye riƙe da ƙugu.

Likitan ya zo a ranar da la'asar. Da ya ji labari bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce ai shi ya sa ya ƙulla da hannunsa, don kada a ce cokali ya yi girma ko ya yi ƙanƙanta, ashe akwai masu lissafin da ya fi nasa. Ya goga auduga a maƙogwaron wasu kajin ya sa a kwalba, ya ce zai kai ɗakin gwaji a Zariya a duba maganin da zai kama cutar yanzu, domin ba zai sake amincewa da na farko haka kawai ba. Ya sa aka ware waɗanda suka fi jin jiki. Sannan ya tambaya ina kajin da suka sha sauran maganin. Baba ya kau da kai, ba zai iya nuna ɗakin mahaifiyarsa ba. Kaka da kanta ta fito, ta ce ga ɓarauniyar nan, a ɗaure ta in akwai igiya. Likitan ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Hajiya ai ke ce babbar likita, ni almajirinki ne, amma a ba ni izini in duba marasa lafiyarki. Ya kama biyu ya duba, ya ce alamu sun nuna daga akurkin nan ciwon ya taso, ya bi takalmin mai shiga da fita ya isa babban ɗaki. Na dubi silifas ɗina. Ya ce da tun farko an gaya masa kajin Hajiya na atishawa, da shi da kansa zai auna musu nasu, domin ba yadda za a yi a magance na can a bar na nan. Ashe abin da muka yi ta ɓoyewa, da an tambaya kyauta za a yi shi, kuma daidai.

Bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito, aka sauya magani. Wannan karon Baba ya kafa ƙusa a cikin ɗakin kaji ya rataye ƙullin a sama, kowace safiya in na kwance ɗaya yana tsaye a ƙofa yana kallon gona. Aka mayar da akurkin Kaka can bayan rumbu, aka ajiye kwano mai ruwan magani a ƙofar ɗakin kaji don tsoma ƙafa, aka saya mini takalmin roba da ba ya fita daga wurin. Kaji ashirin da 'yan kai muka rasa, ciki har da mai tsinken wutsiya. Ƙwan da aka sauke kuwa, likita ya ce tun da kwanakin fitar magani daga jiki sun wuce ana iya ci, sai masu shayi na Ikara suka kwashe. Baba ya hau babur ya tafi Kudan da kansa ya gaya wa matan gaskiya, cewa ciwo ya shiga kajinsa kuma ba zai ba su tsaki ba sai likita ya yarda. Wasu sun yi ƙorafi, biyu sun janye, sauran suka jira. Likitan ya gargaɗe mu cewa irin wannan cuta magani danne ta yake yi, ba lallai ya tumɓuke ta ba, don haka sai da ya sake gwaji ya kuma gindaya sharuɗɗa kafin ya bari a kai ƙwai, ya ce kuma in wannan garken ya gama zangonsa a wanke ɗaki a sake sabon iri. Tsakin sun isa Kudan bayan an fara girbin gero, kuma sun rayu.

Kaka ta yi kwana biyu ba ta tsokane ni ba, wanda a wurinta babban fushi ne. A rana ta uku ta tura mini kwanon fura, ta ce ashe kurma ma tana magana in ta ga za a kai ƙwai. Daga baya na ji ta aika wa ƙawarta ta Malikanchi cewa in kajinta sun sake atishawa ta nemi likita, kada ta nemi tsohuwa. Har yau Baba ba ya kiran sunana, ni ma ban nemi hakan ya sauya ba, haka gidanmu yake kuma muna zaune lafiya. Amma yanzu in na ga wani abu a ɗakin kaji, nakan tsaya a bayansa in faɗa, shi kuma ya amsa yana kallon raga.

Abin da nake so masu kiwo su ɗauka daga labarina shi ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gishiri ba ne da za a ɗiba wa maƙwabci. Abin da likita ya auna, na adadin kajin nan ne da adadin kwanakin nan. In kun ga sun miƙe a rana ta biyu ko ta uku, ba warkewa suka yi ba tukuna, ku cika kwanakin. In na maƙwabcinku ma suna ciwo, ku faɗa wa likita, wataƙila ma daga can abin ya taso. Wanda kuma yake kiwon iyaye ya tuna cewa ba nasa kajin kaɗai yake riƙe da su ba, har da na mutanen da bai taɓa shiga gidajensu ba. Ga 'yan'uwana 'yan mata masu irin halina, kunya abu ne mai kyau kuma ban yar da tawa ba, amma na gane cewa a kwanakin nan ba kunya kaɗai ta rufe mini baki ba, har da tsoro da son a ci gaba da yabona. Shirun da zai cuci wani ba ladabi ba ne, ko da a durƙushe aka yi shi. Ku kuma iyaye, in kuna da yaron da ba ya magana a gida, ku riƙa samun hanyar tambayarsa abin da ya gani, ko da ba za ku dube shi ba. Sau da yawa ya riga kowa gani, jira kawai yake a tambaye shi.